Ƙwayar cuta mai yaƙi da ciwon daji

 

Kwanan baya mun ziyarci wani ajin yaƙi da jahilci a unguwar Tallaje, nan birnin Yamai, kan hanyar filin jirgin sama. Da aka gama darasi sai wani dattijo mai kiwon kaji ya ɗaga hannu. Ya ce ya ji a rediyo wai likitocin ƙasashen waje suna sa wa mai ciwon daji ƙwayar cuta da gangan, don ya warke. Ya ce: "Malam, yaya za a kashe wuta da wuta?"

Kafin a ba shi amsa, wata uwa mai goyo ta karɓe zancen. Ta ce: "Ni ma na ji. Har an ce ƙyanda ta warkar da wani yaro. In haka ne, me ya sa ake matsa mana mu kai yara lamba?"

Matambayi ba ya ɓata. Mun yi musu alkawarin amsa a cikin jarida, domin kowa ya amfana. Labarin da suka ji gaskiya ne. Amma wanda ya ji rabinsa ya bar rabi, yana iya jawo wa iyalinsa asara. Don haka mu bi shi daki-daki.

Mene ne ciwon daji?

Jikin mutum kamar gini yake. Da tubali ake yin gini. Shi kuwa jiki an gina shi da wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, ana ce musu ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya tana da aikinta. Tana rayuwa, ta hayayyafa daidai gwargwado, ta tsufa, ta mutu, wata ta maye gurbinta.

Wani lokaci sai wata ƙwaya ta lalace, ta ƙi bin wannan ƙa'ida. Sai ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Ƴaƴanta su taru su zama ƙari ko gyambo. In an daɗe ba a kula ba, sai su bi jini su kafa sansani a hanta, ko a huhu, ko a ƙashi. Wannan shi ne ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa.

Ciwon daji ba sammu ba ne, ba kuma jifa ba ne. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta gaisuwa. A Nijar, tun shekarar 1992 ake rubuta masu wannan ciwo a wani kundi a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Dajin nono, da na bakin mahaifa, da na hanta suna cikin waɗanda suka fi damun jama'armu.

Mene ne birus?

Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Mafi ƙanƙanta a cikinsu su ne waɗanda likitoci ke kira birus. Birus ne ke kawo mura, da ƙyanda, wadda wasu ke kira dussa ko baƙon dauro. Shi ne ke kawo hangum, da shan inna, da haukan kare, da sida.

Birus ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya shiga cikin ƙwayar halitta, kamar yadda gunda ke shiga cikin ƙwayar wake a rumbu. In ya shiga, sai ya tilasta mata ta ƙera masa ƴaƴa masu ɗimbin yawa. Daga nan ta fashe ta mutu, ƴaƴan su watse su shiga maƙwabta.

Allah ya yi wa jiki masu tsaro. Su ne fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke kira sojojin jiki ko garkuwar jiki. Da zarar sun ga baƙo, sai su far masa. Kuma ba sa mance fuskarsa. Wannan ne ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yi.

Matsalar ciwon daji ita ce, shi ɗan gida ne. Daga jikin mutum ya fito. Sau da yawa sojojin jiki sukan wuce shi ba su gane ɓarawo ne ba.

Yaron Uganda

A ƙasashen Afirka masu yawan zazzaɓin cizon sauro akwai wani ciwon daji da ke kama yara. Yakan kumbura muƙamuƙi, ko ido, ko ciki. Wani likita mai suna Denis Burkitt ne ya bayyana shi a Uganda a 1958, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa.

A shekarar 1971 wasu likitoci biyu, Bluming da Ziegler, suka ba da labarin wani yaro ɗan shekara 8 a Uganda. An kawo shi asibiti da irin wannan ƙari a gefen ido. Ana cikin haka sai ƙyanda ta kama shi. Cikin mako 2 kumburin ya sace, ba tare da an ba shi maganin daji ba. Wannan shi ne labarin da uwar Tallaje ta ji.

Ba shi ne na farko ba. A 1904 wani likitan Amurka, George Dock, ya ba da labarin wata mata mai dajin jini da ta samu sauƙi bayan ta yi mura mai tsanani. A 1912 wani likitan Italiya ya ga dajin bakin mahaifa ya ragu a jikin wata mata da aka yi wa allurar haukan kare.

Amma likitoci sun lura da abu biyu. Na ɗaya, irin wannan sa'a ba kasafai ake samunta ba. Na biyu, sauƙin ba ya daɗewa. Galibi bayan wata ɗaya ko biyu ciwon yakan dawo. Matar da Dock ya ba da labarinta ma ciwon ne ya yi ajalinta.

Gwajin farko ya zo da haɗari

Duk da haka masu bincike ba su bar zancen ba. A farkon shekarun 1950, a birnin New York, an gwada sa wa masu ciwon daji wani birus da sauro ke yaɗawa, wanda aka fara ganowa a Uganda a 1937. Ƙarin wasu ƙalilan ya ragu. Amma wasu sun kamu da kumburin ƙwaƙwalwa. A 1974 wani likita a Japan ya gwada birus na hangum a kan majinyata 90. Da yawa sun samu sauƙi na wani lokaci.

Abin da aka fahimta shi ne, birus na daji kamar doki ne da ba a hora ba. Yana da ƙarfi, amma ba ya bambanta gona da hanya. Sai an sa masa linzami.

Makiyayanmu sun san amfanin birus da aka hora. Dattawa suna tuna bushiya, annobar da ke share garken shanu. A 1962 aka fara babban gangamin yi wa shanu lamba a Nijar, da Najeriya, da Cadi, da Kamaru. Abin da ke cikin allurar birus ne na bushiya da aka raunana. Bai isa ya kashe saniya ba, amma ya isa ya koya wa sojojin jikinta yaƙi. A 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya.

A 1991 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Robert Martuza, da abokan aikinsa suka nuna ana iya yi wa birus gyara a ɗakin bincike domin yaƙi da daji. Sun cire masa wani sashe, yadda ba zai iya hayayyafa sosai a cikin lafiyayyar ƙwaya ba, sai a cikin ƙwayar daji. A kan ɓeraye suka gwada. Daga nan binciken ya ɗauki sabuwar hanya.

Yadda birus ke yaƙar daji

Aikin hawa biyu ne.

Hawa na farko: lafiyayyar ƙwayar halitta tana da ƙararrawa. In birus ya shige ta, sai ta yi kururuwa, ta rufe ƙofofinta, ta gargaɗi maƙwabta. Ita kuwa ƙwayar daji, garin gaggawar hayayyafa, sau da yawa takan rasa wannan ƙararrawa. Ta zama gida marar ƙyaure. Likita yakan yi allurar birus da aka hora a cikin ƙarin. Birus ya shiga ƙwayar daji, ya hayayyafa, ya fasa ta, ƴaƴansa su shiga na kusa.

Hawa na biyu shi ne ya fi muhimmanci. Sojojin jiki sukan ji labarin baƙo ya shigo, sai su rugo wurin. Da sun iso sai su tarar da tarkacen ƙwayoyin daji da suka fashe. A nan ne asirin ɓarawon gida ke tonuwa. Sojoji su riƙe kamanninsa, su bazu cikin jiki suna nemansa. Shi ya sa wani lokaci ƙarin da ba a yi wa allura ba, shi ma yakan ragu.

Wannan dabara ta tayar da sojojin jiki ba baƙuwa ba ce. Ku duba tabon lamba da ke hannun ƴaƴanku. Allurar BCG ce, ta rigakafin tarin fuka. Ita ba birus ba ce, wata irin ƙwayar cuta ce dabam da aka raunana. Tun 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya nuna in an zuba ta cikin mafitsara tana hana wani dajin mafitsara dawowa. Har yau ana aiki da ita.

Inda aka kai

A 2005 ƙasar Sin ta yarda a yi aiki da wani birus da aka gyara, mai suna H101, a kan dajin kai da wuya.

A 2015 Amurka ta yarda da wani mai suna T-VEC, a kan wani mugun dajin fata. An yi shi ne daga birus ɗin da ke fito wa mutum da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. An cire masa sassan da ke sa shi cutarwa, aka ƙara masa wani sashe mai kiran sojojin jiki. An yi gwajin a kan majinyata 436. Cikin kowane 100 da aka yi wa allurar, kimanin 16 sun samu sauƙin da ya kai wata 6 ko fiye. Cikin waɗanda aka ba wani maganin dabam, 2 ne kawai cikin 100.

A 2014 likitocin asibitin Mayo a Amurka sun ba da labarin mata 2 masu dajin ɓargo. An ɗura musu birus na allurar ƙyanda da aka gyara, mai yawan da ya isa a yi wa mutum miliyan 10 lamba. Ɗaya ta samu sauƙi ƙwarai. Ɗayar kuwa ciwonta bai tafi ba.

A 2018 jami'ar Duke ta Amurka ta fitar da sakamakon gwajin birus na shan inna da aka gyara, a kan majinyata 61 masu dajin ƙwaƙwalwa. Bayan shekara 3, kimanin 21 cikin 100 suna raye. A 2021 kuma Japan ta yarda da wani birus mai suna Delytact a kan dajin ƙwaƙwalwa.

Mu dubi waɗannan lambobi da idon basira. Ci gaba ne babba, amma 16 cikin 100 ba kowa ba ne. Ga kuma tsada. Lokacin da T-VEC ya fito, an ƙiyasta jinyar mutum ɗaya a kan dalar Amurka 65,000, wato fiye da sefa miliyan 35. Kuma sai an adana shi cikin sanyin da ya fi na firjin gida nesa ba kusa ba.

Annobar kaji

Ga abin da zai ba dattijon Tallaje mamaki. Duk mai kiwo ya san annobar da ke faɗa wa kaji lokacin hunturu. Kaza ta yi sanyi, ta riƙa buɗe baki tana numfashi da ƙyar, ta yi zawo kore, wuyanta ya murɗe. Cikin ƴan kwanaki akurki ya zama kango. Malaman dabbobi suna kiranta cutar Niyukasal, sunan wani gari a Ingila inda aka gan ta a 1926.

Birus ne ke kawo ta. Yana kashe kaji, amma mutum ba ya yi masa wani mugun lahani. Galibi iyakarsa jan ido ko ɗan zazzaɓi na kwana kaɗan. Masu bincike sun gano yana son shiga ƙwayoyin dajin mutum. A 1965 wani mai bincike a Amurka, William Cassel, ya gwada shi a jikin wata mai dajin bakin mahaifa. Tun daga nan ake ta nazarinsa a ƙasashe da dama.

To amma a kula. Cin kazar da annoba ta kama ba ya maganin daji. Zama cikin akurki ma haka. Abin da ya wajaba ga mai kiwo shi ne ya nemi malamin dabbobi ya yi wa kajinsa lamba kafin hunturu, ya kuma maimaita a lokacin da aka faɗa masa. Ya ware sabuwar kazar da ya sayo kasuwa na mako 2 kafin ya haɗa ta da na gida. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefar a bola. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido.

Amsa ga uwar goyo

Ƴar uwa, ƙyanda ba magani ba ce. Annoba ce. Mazauna Yamai ba su mance da ta 2003 zuwa 2004 ba, wadda ta kama mutum fiye da 10,000 a cikin birnin nan, galibinsu yara ƙanana. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta ƙyanda ta kashe mutum fiye da 100,000 a duniya a shekarar 2023 kaɗai. Takan bar wasu da makanta ko kurumta. Takan kuma raunana sojojin jiki, sai zawo da ciwon haƙarƙari su biyo baya.

Yaro ɗaya ya dace a Uganda, dubbai sun tafi kabari. Saboda haka a kai yaro lambar ƙyanda in ya cika wata 9, a kuma koma karo na biyu ranar da aka rubuta a kati.

Haka kuma a yi hattara da ƴan damfara. Duk wanda ya zo da kwalba a kasuwa ko a tasha, ya ce yana da allurar birus mai warkar da daji, maƙaryaci ne. Irin wannan magani ba ya yawo a faranti cikin rana. Kuɗin da za a ba shi, da lokacin da za a ɓata wurinsa, su ne ya kamata a kai asibiti.

Abin da ke hannunmu

Akwai birus masu yaƙar daji, akwai kuma masu kawo shi. Nan ne muke da abin yi tun yau.

Na ɗaya shi ne birus mai kawo ciwon hanta iri na B. Yana iya zama a jiki shekara da shekaru ba a sani ba, daga baya ya jawo dajin hanta. Jariri yakan ɗauke shi daga uwa. Ana kuma ɗaukarsa ta jini, ta aska ko reza ko allurar da wani ya yi aiki da ita, da ta saduwa. Tun 2008 rigakafinsa yana cikin lambar jarirai a Nijar, wadda ake yi a mako 6, da mako 10, da mako 14. Kada a tsallake ko ɗaya. In za a je wurin wanzami, a tafi da sabuwar reza.

Manoma, wannan ya shafe ku. Gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba sukan yi fumfuna. Wannan fumfuna yana fitar da dafi mai lalata hanta, kuma dahuwa ko suya ba sa kashe shi. In dafin ya haɗu da birus na hanta a jikin mutum ɗaya, haɗarin daji yakan ninka sau da yawa. A shanya amfanin gona a kan tabarma ko tamfol har ya bushe ƙayau. A tsince ƙwayoyin da suka ruɓe ko suka sauya launi a zubar. Kada a yi ƙuli-ƙuli da su, kada a ba yara, kada a ba dabbar da ake tatsa. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da danshin ƙasa da bango.

Na biyu shi ne birus mai suna HPV, wanda ke kawo kusan dukan dajin bakin mahaifa. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya tabbatar da haka, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Tun 2006 akwai allurar rigakafinsa. Maƙwabciyarmu Najeriya ta fara yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023. Mata manya kuwa, daga shekara 30, ya kamata su je a duba bakin mahaifarsu ko da ba sa jin ciwon komai. Awon ba ya ɗaukar lokaci, kuma abin da aka gani da wuri yana jin magani.

Alamomin da ba a zama da su

Ƙullutu a nono ko a hammata, ko da ba ya ciwo. Jini bayan saduwa, ko bayan mace ta daina al'ada. Gyambon da ya ƙi warkewa, ko baƙin tabo a tafin ƙafa da ke girma. Kumburin ciki tare da rama da shawara. Jini a fitsari ko a bayan gida. Kumburin muƙamuƙi ko na ido ga yaro.

Ba kowane ɗayan waɗannan ne daji ba. Likita ne zai tantance. A fara da likitar unguwa, su za su tura mutum gaba: babban asibitin ƙasa, ko na Lamorde, ko gidan haihuwa na Isaka Gazobi. A Yamai akwai Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji. A 2021 aka buɗe sashenta na gashi da haske, irinsa na farko a Nijar. Kafin nan sai an fita waje ake samun wannan jinya. Aikin tiyata, da ƙarin ruwan maganin daji, da gashi, su ne makaman da ke kusa da mu, kuma sun fi ci in an zo da wuri. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Magidanta, nauyi yana wuyanku. In uwargida ta ce ta ji ƙullutu, kada a ce a bari sai bayan kaka. A ba ta izini, a ba ta kuɗin mota, in da hali a raka ta.

Baba mai kaji, ka tambaya yaya za a kashe wuta da wuta. Ai ka san manomi yakan ƙona ciyawar da ke kewaye da rumbunsa, domin in gobara ta taso daga daji ta rasa abin ci. Amma da safe yake yi, lokacin da iska ta kwanta, ga ruwa a kusa, ga mutane tsaye da ganye a hannu. Haka likitoci ke yi da birus: wanda aka hora, a wurin da aka zaɓa, ana tsaye a kansa. Wanda ya bar ɗansa ga ƙyanda kuwa, ya cinna wuta ne a tsakiyar gida rana tsaka.

Muna roƙon wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Mai tambaya ya ba malamin ajinsa, za ta iso gare mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka. Amin.